Yadda Ake Karanta Laƙaban Ƙwayoyin Garkuwar Jiki a Kundayen Ma'auni

Idan mai bincike ya ɗebi jinin mutum guda, ya auna ƙwayoyin garkuwar da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, sannan ya nemi kwamfuta ta raɗa musu suna, abin da zai gani yakan ɗaure kai. Ƙwaya guda, kundin Blueprint zai kira ta "CD4+ Tcm". Kundin HPCA zai ce "T_cell:CD4+_central_memory". Azimuth zai rubuta "CD4 TCM". Waɗannan ukun da sauƙi, ko ba a faɗa ba ana gane abu ɗaya suke nufi. Amma kundin Monaco zai iya kiran wannan ƙwayar "Th17 cells" ko "Follicular helper T cells", sunayen da ba su yi kama da na farko ba ko kaɗan. A nan ne sabon shiga yake fara zargin cewa ɗaya daga cikin kundayen ya yi kuskure. Galibi babu wanda ya yi kuskure. Kowane laƙabi rahoto ne na yadda aka ware ƙwayoyin a ɗakin gwaji, kuma masu warewar ba da wuƙa ɗaya suka yi yanka ba.

Kafin a shiga sunayen, sai an san yadda ake raɗa su. Kusan kowace ƙwayar jiki tana ɗauke da rubutun gado iri ɗaya, amma ba duka take karantawa ba. Sashen da take aiki da shi, tana fitar da kwafinsa a matsayin saƙo, shi ne ake kira RNA, daga saƙon kuma ake ƙera furotin. Tun daga 2009, lokacin da aka fara karanta saƙonnin ƙwaya guda tilo, fasahar ta bunƙasa har ana iya auna dubban ƙwayoyi a zama ɗaya. Sai dai injin ba ya ba da suna. Abin da yake bayarwa jadawali ne: ƙwaya ta kaza tana da saƙo kaza guda nawa. Don a san wace ce wace, sai a kwatanta ta da kundin ma'auni, wato tarin ƙwayoyin da wasu masana suka riga suka ware da hannunsu, suka auna, suka sa wa suna. Manhaja irin SingleR, wadda aka wallafa a 2019, tana duba da wane samfuri na kundin ƙwayarka ta fi kama, sai ta ba ta sunansa. Shi ke nan aikinta. Sunan da babu shi a kundin, ba za ta taɓa furta shi ba.

To, daga ina harufan suka fito? T da B sunayen wurare ne. Ƙwayoyin T suna kammala girma a wani ƙulli da ke bayan ƙashin ƙirji, taimos, wanda Jacques Miller ya gano amfaninsa a 1961. B kuwa daga kaji aka samo ta: akwai wata 'yar jaka kusa da duburar tsuntsu, basa, inda waɗannan ƙwayoyin ke girma, kuma Max Cooper da abokan aikinsa suka nuna a 1965 cewa T da B zuri'a biyu ne daban. Mutum ba shi da wannan jakar, nasa ƙwayoyin B a ɓargo suke girma, amma harafin ya zauna.

Sai CD da lambobinta. Duk wanda ya taɓa raka wani asibitin masu ɗauke da cutar ƙanjamau ya ji ana cewa "CD4 ɗinsa ya sauka ƙasa da 200". Wannan CD4 ɗin dai shi ne a cikin laƙaban. Furotin ne da ke kan fatar wasu ƙwayoyin T, kuma ta kansa ƙwayar cutar take kama su ta shiga. Tarihin lambobin ya faro ne bayan 1975, lokacin da Köhler da Milstein suka gano hanyar ƙera antibodi, wato furotin da ke kama takamaiman abu, iri ɗaya tsantsa a Kambirij ta Ingila. Kowane ɗakin gwaji ya shiga ƙera nasa yana sa masa sunan da ya ga dama. Wannan ya ce OKT4, wancan ya ce Leu-3, alhali furotin ɗaya suke kamawa. A 1982 aka yi taro a Faris, aka tattara antibodin, aka haɗa waɗanda ke kama abu ɗaya a rukuni guda, aka ba kowane rukuni lamba. Yau lambobin sun haura 370. Lambar ba ta nuna girma ko daraja, jerin rajista ce kawai. CD8 bai fi CD4 komai ba.

Alamar tarawa da ta ɗebewa su ne mataki na gaba. Ana ware ƙwayoyi ne da injin da ke tura su ɗaya-ɗaya ta gaban hasken leza, bayan an manna musu antibodi masu ƙyalli. Wadda ta haska an ce tana da alamar, a sa mata +. Wadda ba ta haska ba a sa mata −. Matsalar ita ce haske ba e ko a'a ba ne, yana da ƙarfi da rauni, kuma mutum ne yake zana layin da ya raba. Shi ya sa ake ganin ƙarin kalmomi irin "bright" da "dim", ko "hi" da "lo", ko tarawa biyu a jere. Ƙwayoyin NK, masu kashe ƙwayoyin da cuta ta shiga ba tare da jiran horo ba, ana raba su haka: "CD56bright" masu haske sosai, su ne 'yan tsiraru a jini, da "CD56dim" masu raunin haske, su ne mafi yawa kuma mafi kisa. Duka biyun suna da CD56. Wanda ya karanta "dim" a matsayin babu, ya ɓata tun daga tushe.

Monosait, manyan fararen ƙwayoyin da ke haɗiye datti da ƙananan ƙwayoyin cuta, su ne misali mafi kyau na yadda abu ɗaya ke tara sunaye. A 2010 wani kwamitin masana ya amince a raba su uku: na asali, masu CD14 da yawa ba CD16, su ne sama da kashi 80 cikin ɗari, na tsaka-tsaki, masu duka biyun, da waɗanda ba na asali ba, masu CD16 da yawa da ɗan CD14 kaɗan. Monaco ya bi wannan tsarin, ya rubuta "Classical monocytes". Wani kundin, DICE, ya rubuta "Monocytes, CD14+". Azimuth ya ce "CD14 Mono". HPCA kuwa yana da "Monocyte:CD16-", ya sa musu suna da abin da ba su da shi. Duk rukuni ɗaya ake nufi. Amma lura: kundin da ya raba monosait gida biyu kawai ba shi da wurin ajiye na tsaka-tsaki, dole ya tura su ɗaya daga cikin gidajen biyu. Idan ka kwatanta adadinsu tsakanin kundi mai gida biyu da mai gida uku, lissafi ba zai taɓa daidaita ba.

Yanzu mu dawo kan ƙwayar da muka fara da ita, domin nan ne ainihin ƙullin yake. Ƙwayoyin T masu CD4 ana iya yanka su ta hanyoyi biyu da ba su dogara da juna ba.

Hanya ta farko tana tambayar tarihin ƙwayar: ta taɓa haɗuwa da abokin gaba? Wadda ba ta taɓa ba ita ce "naive", sabuwa ful. Wadda ta taɓa kuma ta rayu ita ce "memory", mai tuna baya. A 1999 Federica Sallusto da Antonio Lanzavecchia suka nuna cewa masu tuna bayan ma iri biyu ne. Wasu suna ɗauke da CCR7, furotin da ke kai su kaluluwa, inda suke jiran kira su hayayyafa; su ne TCM. Wasu ba su da shi, suna yawo cikin sassan jiki a shirye da faɗa. Su ne TEM. Ana haɗa CCR7 da wata alama, CD45RA, a samu gida huɗu. Sabuwa tana da duka biyun. TCM tana da CCR7 kawai. TEM ba ta da ko ɗaya. Gida na huɗu, mai CD45RA ba CCR7, shi ne TEMRA: tsohuwar mayaƙiya ce da ta sake sanya alamar da aka san sababbi da ita. Monaco yana kiran irin waɗannan "Terminal effector".

Hanya ta biyu ba ruwanta da tarihi, sana'a take tambaya: wane irin sinadarin kira wannan ƙwayar take fitarwa? Tim Mosmann da Robert Coffman ne suka fara wannan rabon a 1986, a jikin ɓeraye. Th1 tana fitar da intaferon gama, tana taimakon yaƙi da cututtukan da ke ɓuya cikin ƙwayoyin jiki, irin tarin fuka. Th2 tana fuskantar tsutsotsin ciki, kuma ita ce ke da hannu a asma. Sai a 2005 aka tabbatar da Th17. Kada mai karatu ya tafi neman Th3 zuwa Th16 a jere: 17 ɗin daga sunan sinadarin da take fitarwa aka ɗauko, IL-17. Lambobi 1 da 2 na jerin ganowa ne, 17 na sinadari ne, duk a tsari ɗaya. Akwai kuma Tfh masu taimakon ƙwayoyin B, da Treg masu kwantar da tarzoma don kada garkuwa ta juya kan jiki, waɗanda Shimon Sakaguchi ya bayyana a 1995.

Kowace ƙwaya mai tuna baya tana da amsa ga tambayoyin biyu a lokaci ɗaya. Tana iya zama TCM kuma Th17. Blueprint da HPCA sun yanka ta hanyar farko. Monaco da DICE, a ɓangaren CD4, sun fi bin ta biyu. Abin mamaki ma, Monaco ya raba CD8 ta hanyar tarihi, har yana da "Central memory CD8 T cells", amma ba shi da takwaransa na CD4. Don haka duk TCM ɗin CD4 da ka ba shi, sai ya rarraba su cikin gidajen Th. Hanyoyin biyu ba sa fassara juna. Babu jadawalin da zai ce Th17 daidai take da TCM, kuma wanda ya ƙirƙiro irin wannan jadawalin don rahotonsa ya yi kyau, ya yi wa masu karatunsa ƙarya.

Akwai wani abin da ya kamata a sani game da Th ɗin nan. Masu haɗa kundin ba su tsaya auna sinadarin da kowace ƙwaya ke fitarwa ba, domin yin hakan yana buƙatar a zuga ƙwayar kuma a huda ta, abin da ke canza saƙonninta. Alamomin fata suka yi amfani da su a madadi: CXCR3 ga Th1, CCR6 ga Th17, CXCR5 ga Tfh. Wadda ta zo da CXCR3 da CCR6 tare, Monaco ya rubuta mata "Th1/Th17", DICE ya rubuta "Th1_17". Wannan sandar tsakiya ba ta nufin manhajar ta rasa tabbas tsakanin biyun. Rukuni ne mai zaman kansa. Haka Treg: shaidarta ta gaskiya FOXP3 ce, amma tana can cikin cibiyar ƙwaya, sai ake ware ta da yawan CD25 da ƙarancin CD127.

Kundayen sun kuma bambanta a abin da suke cusawa cikin suna bayan nau'in ƙwaya. ImmGen, babban kundin ƙwayoyin ɓera da aka ƙaddamar a 2008, yana tsara laƙabi kamar yadda ake kwatanta mutum a gari: sunansa, sana'arsa, sannan unguwarsu. "T.4Nve.Sp" na nufin ƙwayar T, mai CD4, sabuwa, daga saifa. "B.Fo.Sp" da "B.MZ.Sp" ƙwayoyin B ne daga ɓangarori biyu na saifa. Wasu laƙaban har da ranar da aka ɗebi samfurin bayan an sa wa ɓeran cuta. Da zarar an gane cewa kowane ɗigo yana buɗe sabon bayani, sunayen da suka yi kama da lambar sirri sai su zama jimla.

HPCA kuwa, wanda aka tara daga samfura 713 na bincike daban-daban, da ɗigo biyu yake rabawa, kuma a nan ake yawan faɗawa rami. Laƙabi irin "Macrophage:monocyte-derived:M-CSF" yana cewa an ɗebi monosait daga jini, an rene su a faranti da sinadarin M-CSF har suka rikiɗa. Ba daga jikin kowa aka ciro su a wannan siffar ba. Idan manhaja ta liƙa wa ƙwayar da ka ciro daga huhun majinyaci wannan sunan, abin da take cewa shi ne, cikin duk abin da ke kundin, wannan ya fi kusa. Ba ta ce an zuba wa majinyacin M-CSF ba. Haka "Macrophages M1" da "Macrophages M2" na Blueprint: a faranti aka samar da su, kuma masana da yawa sun daina yarda cewa ƙwayoyin da ke cikin jiki suna rabuwa gida biyu tsaf haka. A DICE ma, "T cells, CD4+, naive, stimulated" sababbin ƙwayoyi ne da aka zuga a ɗakin gwaji na 'yan sa'o'i.

Wani laƙabin da ke tsorata mutane a banza shi ne "Low-density neutrophils" na Monaco. Ana raba jini a injin juyawa, ƙwayoyi masu nauyi su nutse, marasa nauyi su tsaya sama. Yawancin nutrofil, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, suna nutsewa. Monaco daga sashen sama ya ware nasa, sai ya faɗi gaskiya a sunan. Su kaɗai ne nutrofil ɗin kundin, don haka kowane nutrofil naka wannan sunan zai samu.

Sai babban giɓin da, a ganina, ya fi duk sauran cutarwa. Sunayen nan na furotin ne, amma abin da kake aunawa saƙo ne. Sau da yawa ma sunan sashen gadon ya bambanta da na furotin: CD16 daga FCGR3A yake fitowa, CD56 daga NCAM1, CD20 daga MS4A1, CD25 daga IL2RA. Shi ya sa za ka ga "FCGR3A+ Mono" a wani wuri, "CD16 Mono" a wani, duk abu ɗaya. Wannan da sauƙin gyara. Mai wuyar shi ne CD45RA da CD45RO, alamomin da aka gina rabon sabuwa da mai tuna baya a kansu. Dukansu daga sashen gado ɗaya suke, PTPRC, yankan saƙon ne kawai ya bambanta. Hanyar awon da aka fi amfani da ita yanzu ƙarshen saƙon kawai take karantawa, inda biyun suke iri ɗaya. Ma'ana, shaidar da aka sa sunan da ita ba ta bayyana a bayananka sam. Saƙon CD4 ma kaɗan ne a ƙwayoyin T, sau da yawa injin ba ya kama shi, ga shi kuma monosait ɗin mutum su ma suna ɗauke da CD4. Manhajar tana hasashe ne daga ɗaruruwan wasu saƙonni da ke tafiya tare da alamar. Tsakanin T da B hasashen yana da ƙarfi. Tsakanin sabuwar CD4 da TCM, ko tsakanin Th1 da Th1/Th17, yana da rauni ƙwarai. Don toshe wannan giɓin ne ɗakin gwajin Rahul Satija a New York ya gina kundin jini na Azimuth a 2021 da hanyar da ke auna saƙo da furotin 228 a kan ƙwaya ɗaya.

Wannan ne dalilin da ya sa kundayen suke ba da suna hawa-hawa. A tarin kundaye na celldex, kowane samfuri yana da "label.main", babban suna, da "label.fine", na filla-filla. Monaco yana da manya 10 da ƙanana 29. ImmGen yana da manya 20 da ƙanana 253. Azimuth yana da hawa uku. Kwaɗayin mai bincike yakan ja shi zuwa hawa mafi zurfi, domin suna mai tsawo yana kama da ilimi mai zurfi. Hanyar da ta fi aminci ita ce a fara da babban suna, a tabbatar da shi ta duba sanannun alamomi, sannan a sauka hawa ɗaya, a tsaya a inda shaida ta tsaya. Ƙwayoyin da manhajar ta bari babu suna saboda rashin tabbas, a bar su haka a rahoto.

Akwai suna na uku, "label.ont", wanda ke ɗaure kowane laƙabi da rajistar duniya ta nau'o'in ƙwayoyi, Cell Ontology, da aka fara a 2005. A can kowane nau'i yana da lamba tabbatacciya: ƙwayar T ita ce CL:0000084, B ita ce CL:0000236, monosait na asali CL:0000860. Rajistar bishiya ce, kowane reshe ya san uwarsa. Idan kundi biyu suka saɓa, ana iya hawa sama har inda rassansu suka haɗu. TCM da Th17 za su haɗu a "CD4-positive, alpha-beta T cell", CL:0000624, kuma wannan ne abin da za ka iya rantsuwa a kai. Rajistar ba ta warware saɓanin yanka ba, tana nuna maka inda ya fara ne kawai.

Ɓera da mutum ma ba a musanya musu suna kai tsaye. Monosait ɗin ɓera da Ly6C ake raba su, masu tuna bayansa da CD44 da CD62L, kuma ƙwayoyin NK ɗinsa ba a gane su da CD56. Hatta rubutun sunan sashen gado ya bambanta: CD4 da manyan baƙaƙe na mutum ne, Cd4 na ɓera.

Saura tambayar da ta shafi mai bincike a Kano ko Zariya ko Maraɗi kai tsaye: jinin wa aka auna? Samfuran Monaco daga mutum huɗu masu lafiya a Singafo aka ɗebe su. Na DICE daga mutum 91 a Kalifoniya. A cikin Monaco akwai laƙabin "Exhausted B cells", ƙwayoyin B da suka gaji, waɗanda aka ware saboda ba su da IgD ba su da CD27. Kalmar gajiya hukunci ce a kan aikin ƙwayar, alhali rashin alamomi biyu kawai aka gani. Ƙwayoyi masu kama da waɗannan, binciken da aka yi a Mali aka wallafa a 2009 ya nuna suna da yawa a jinin mutanen da ke zaune inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, kuma masu nazarin zazzaɓin suna kiran su "atypical memory", masu tuna baya da suka saɓa wa al'ada. Daga baya an ga cewa suna iya shiga aikin samar da antibodi. Wanda ya auna jinin manomi a ƙarshen damina ya ga gungu babba mai laƙabin "Exhausted", abin da ya dace ya rubuta shi ne sunan kundin, da hawan da ya yi amfani da shi, da alamomin da ya gani da idonsa a gungun, irin su FCRL5 da TBX21 da ITGAX, sannan ya bar maganar gajiya sai ya gwada aikin ƙwayoyin a faranti.